Irin Furannin Mama

Asabar, da hantsi

An dawo da Mama gida daga asibiti. Ban rubuta komai ba tun ranar nan da ɓarin jikinta ya shanye, kuma ba zan rubuta ranar nan ba. Abin da ya rage shi ne hannun dama ba ya ɗaguwa, ƙafa tana ja, baki ya ɗan karkace, magana kuma ta tafi ta bar kalma ɗaya tak. Kalmar ita ce Auta. In ruwa take so, Auta. A gyara mata filo, Auta. Ni kaina in na shiga da ruwan wanka, sai ta dube ni tsakiyar ido ta ce Auta. Likitar gashin da ke zuwa motsa mata hannu da ƙafa ta ce kada in sa abin a rai, haka ciwon yake, kalma ɗaya ce take maƙalewa, kuma tana iya zama kowace ce. To, na ji. Amma duk kalmomin da ke duniya a rasa wadda za ta maƙale sai wannan?

Autar kuma tana nan. Ta zo daga garinsu da akwatuna biyu da ƙamshinta, ta shige ɗakin Mama ta shimfiɗa katifa. Ni da na yi shekara da shekaru a gidan nan ina dafawa, ina wanki, ina raka ta asibiti, yanzu sai na yi sallama kafin in shiga. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Asabar, bayan La'asar

Na ji su. Auta tana waya da Injiniya, ɗan'uwanmu da ke tsakanina da ita, a bayan kicin, ta rage murya, ba ta san tagar a buɗe take ba. Wai asibitin da ke kusa da gidanta ya fi, akwai na'urori, akwai masu koyar da magana, gara a tafi da Mama can. Wai Yaya, wato ni, tana zuwa makaranta koyarwa, ba kowa a gida da rana. Ba kowa a gida da rana. Na san abin da take nufi.

Ba wanda ya tambaye ni. Na ci gaba da yanka albasa.

Lahadi, da safe

Likitar ta ce a nemo wa Mama abin da take so da can, hannu ya samu dalilin motsi. Ni na tuna da gwangwanin biskit ɗin da ke kan durowa, ni na hau kujera na sauko da shi, amma da aka buɗe, Auta ce Mama ta kalla ta yi wa murmushi.

A ciki irin furanninta ne na bara, wasu a ƙulle cikin takarda, wasu a tsofaffin kwalaben magani. Akwai rawaya mai wari, akwai zankon zakara, sai wanda ta fi so, ƙarfe-goma, wanda ba ya buɗewa sai rana ta ɗaga. Irinsa baƙi ne sul, kamar garin kwalli. Mama ta sa hannun hagu ta tsinto kaɗan ta zuba mini a tafi, ta tsinto ta zuba wa Auta. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Na Auta ya fi yawa.

Ina kallon garin nan a tafina dabara ta faɗo mini. Mama ba ta taɓa barin gidan nan da iri a ƙasa ba. Ko lokacin da Auta ta haihu sai da ta jira tsironta ya yi ƙwari kafin ta hau mota, har aka yi ta yi mata tsiya. To ni a ƙasa zan shuka nawa, a fangalin da ke gindin tagarta, inda za ta buɗe ido ta gan shi. In sun isa su ɗauki ƙasar su sa a mota.

Lahadi, da yamma

Na yi aikina yadda ya kamata. Na kafce fangalin, na zuba taki, na ja igiya, na ɗauko rular makaranta na auna tazara. Kowane rami na soka yatsa har gaɓa biyu, na zuba iri, na rufe, na danne da diddige, daidai yadda marigayi Baba yake shuka masara a bayan gida. Na kwarara ruwa har ya kwanta.

Auta ta leƙo daga baranda ta fara cewa, "Yaya, wannan irin fa ba a..." Na ce mata na yi shuka tun ba a yaye ta ba. 

Ita kuwa ko ƙasa ba ta taɓa ba. Kofunan roba na yogot ta tsince daga shara ta wanke, ta huda gindinsu, ta cika da yashi da ɗan taki. Ta barbaɗa irin a sama kamar mai sa gishiri, ta ɗan danna da bayan cokali, ta yayyafa ruwa da yatsu. Shi ke nan. Ko rufe su ba ta yi ba. Na yi dariya a cikina, na ce ko tururuwa ta gode.

Mama tana kan kujera tana kallonmu. Duk lokacin da na danna diddige sai ta buga sandarta a siminti ta ce Auta, Auta. Ko aiki nake yi a gabanta, wata take kira.

Talata, kafin in fita

Na ba shi ruwa. Zan ƙara in na dawo.

Alhamis, da yamma

Na Auta sun fito.

Juma'a, da safe

Ba wani abin kirki ba ne. 'Yan ɗigo-ɗigo ne jajaye-jajaye, sai ka sunkuya kafin ka gan su. Amma an jera kofunan a kan tire an kai wa Mama har gado kamar an yi baƙo. Ta kai fuskarta kusa, ta daɗe tana kallo, ɓangaren bakinta mai lafiya ya ɗaga. Tun ranar nan ban ga haƙoranta ba sai yau.

Na ce masha Allah. Na faɗa da ƙarfi don kowa ya ji na faɗa.

A aji na yi wa yara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata ta zana fure a bayan littafinta, na sa ta goge.

Asabar, da rana

Nawa shiru. Na ce mai zurfi ai shi ya fi saiwa, na ƙara ruwa.

Sai yau na lura da wani abu. Kofi yana shiga mota. Tire guda, a ɗora a cinya, an tafi. Ko dai yarinyar nan ta fi ni wayo ne, ko kuma sa'arta ce kawai, kamar kullum. Tun tana ƙarama haka take, in ta faɗi sai ta faɗi a kan katifa.

Litinin, bayan na dawo daga makaranta

Wani ya tone mini fangali. An yakushe saman ƙasar, layukana da na ja da igiya duk sun lalace. Na zagaya gidan maƙwabciya na yi mata magana a kan kajinta. Ta rantse a kulle suke tun safe, ta nuna mini akurkin. Na dawo na ɗebo ƙasa na cike wurin, na sake dannewa.

Auta tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ta buɗe baki, ta rufe. Na ce in tana da magana ta faɗa. Ta ce abinci ya sauka.

Laraba, da asuba

Alhamdu lillahi! Kore ya fito a fangalina, kuma ba ɗigo-ɗigo ba, ganye biyu-biyu, tsaye ƙyam. Sun ninka na Auta girma.

Laraba, da yamma

Na turo Mama a keken asibiti har bakin fangalin, na ce ta gani. Na kira Auta, na kira likitar da ta zo gashi, saura kaɗan in kira maƙwabciya. Mama ta sunkuya ta tsinke ɗaya, ta murza, ta kai hanci. Sai ta miƙa mini. Na shinshina.

Tumatir ne. Daga cikin takin ya fito.

Mama ta yi dariya. Dariya ta gaske, har da hawaye, kafaɗarta ɗaya tana rawa, miyau na zuba. Likitar ta ce wannan alama ce mai kyau ƙwarai. Auta ta toshe baki da mayafi ta shige ɗaki, amma ina jin gadon yana motsi. Ni ma na yi dariyar, me zan yi? Na goge wa Mama baki, na mayar da ita ciki, na fito na tuge su ɗaya bayan ɗaya.

Furannin Auta su sa ta murmushi, nawa su sa ta dariya. Dama ni ce abin dariyar gidan.

Alhamis

An sake tonewa. Na sake cikewa.

Asabar, da hantsi

Wanka har yanzu ni nake yi mata. Yau ina cuɗa mata hannun hagu na ga ƙasa a ƙarƙashin farcenta, baƙar ƙasa mai taki. Kofunan Auta yashi ne fari.

Na tsare Auta a kicin. Ta ce tun Litinin, da na fita makaranta Mama take buga sanda har sai an kai ta bakin fangalin, kuma ba ta yarda da keke, da ƙafarta take ja, ita tana riƙe da ita. In sun isa sai ta zauna a kan kujerar tsuguno ta sa hannu a ƙasa ta yi ta ja. Likitar ma ta sani, ta ce a bar ta, ba ta taɓa yin tafiya mai nisan wannan ba.

Wato kowa ya sani sai ni. Na je na yi wa baiwar Allah rashin mutunci a kan kajinta, ashe uwata ce take ja da ƙafa ɗaya, cikin rana, don ta tone abin da na shuka. Ban tsaya jin sauran maganar ba. Auta tana cewa in saurara, na ce na ji ya isa.

Ba zan ƙara cike shi ba. Ruwan ma na daina. In ba ta so, ni ma ba na so.

Lahadi, bayan Azahar

Na Auta sun yi ganye, 'yan mitsi-mitsi masu kauri kamar ƙwayar shinkafa. Tana fitar da tiren baranda da safe, ta mayar inuwa in rana ta take. Har magana take yi musu. An ce hassada ga mai rabo taki ce. In haka ne, ni nake ciyar da kofunan nan, ya kamata a gode mini.

Na tambaye ta, kamar ban damu ba, a ina ta koyi wannan. Ta ce ai wurin Mama, tun tana firamare, ban tuna ba? Kullum da yamma suna gindin taga su biyu. Na tuna sarai. Ina hango su ta tagar kicin, ina wanke tukwane, ko ina guge kayan makarantarta da na Injiniya. Ba wanda ya taɓa ce mini zo ki gani. Ni an koya mini yadda ake riƙe gida, ita an koya mata fure.

Talata, da rana

Na dawo da wuri, kaina yana ciwo. Suna barci su biyu. Tiren yana baranda, an manta ba a shigar ba. Na ga ƙadangare a bakinsa.

Na shige ɗakina.

Talata, da yamma

Ya cinye fiye da rabi.

Laraba, da asuba

Ba zan iya mantawa da sautin da Mama ta yi ba. Ba kuka ba ne irin na mutane, wani abu ne daga maƙogwaro. Ta rungume tiren da hannu ɗaya tana cewa Auta, Auta, ita kuma Autar tana ba ta haƙuri tana cewa laifinta ne, ita ta manta. Ina tsaye da kofin shayi. Ba wanda ya tambaye ni ko na ga wani abu.

Abinci ta ƙi ci daga hannun Auta. Da na karɓi cokalin ta buɗe baki, amma idonta a kaina yake har ta gama. Tagar ɗakinta tana kallon baranda. Ban sani ba ko barcin nata ya yi nisa jiya.

Yanzu na yanko tsohon gidan sauro, na lanƙwasa waya na yi wa tiren rumfa. Ba don Auta na yi ba.

Juma'a, da yamma

Auta ta gode mini a kan rumfar, har da rungumata. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Asabar, da hantsi

Injiniya ya kira, wannan karon ni ya kira. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi makaranta, ya tambayi famfon da ke yoyo, sannan ya ce babu abin da za a yi sai da yardata, ni ce babba. Sai yanzu aka tuna ni ce babba. Na ce masa baƙo raɓa ne, Auta ta gama kwanakinta ta koma wurin mijinta da 'ya'yanta, mu da muka saba za mu ci gaba. Ya ce in yi tunani. Na ce na gama.

Na leƙa fangalin. Ya bushe, ya yi fari a sama, ga sawun yatsu a kai. Har yanzu Mama tana zuwa. Auta ce take yayyafa masa ruwa da yatsu in Mama ta buga sanda, na ga jiƙar da safe. 

Litinin, bayan La'asar

Na raka likitar bakin ƙofa. Ban yi niyyar tambaya ba, bakina ne ya riga ni. Na ce ta faɗa mini tsakaninta da Allah, can ɗin ya fi nan?

Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta ce hannu da ƙafa za ta iya yi mata a nan, amma magana ba fanninta ba ne, kuma a garin nan babu mai yi. Ta ce watannin farko su ne ake samun abin da za a samu, in suka wuce sai dai abin da Allah ya yi. Ta ce ba ta ce in yi kaza ba.

Na tsaya a ƙofar har ta sha kwana. Wato in na riƙe Mama a nan, ƙila kalmar Auta za ta yi ta faɗa har ƙarshen ranta. In na sake ta, ƙila ta koyi sunana, amma a gidan Auta, a bakin wata malama da ban sani ba, ni kuma ina nan ina duba littattafan yara.

Talata

Ban ci komai ba. Na yi wa Mama kitso.

Laraba, bayan Magariba

Mun yi ni da Auta. A kan tawul aka fara, wai na ɗauki na fuska na goge ƙafa. Daga nan na zazzage mata duk abin da ke cikina. Na ce ta zo da ƙamshinta ta kwashe uwa, ta kwashe suna, ta kwashe har fure. Na ce ni baiwa ce a gidan nan, ita 'ya. Na ce ko shukata sai da aka sa Mama ta tone.

Ta bar ni na gama. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce, "Yaya, kin binne su ne. Irin ƙarfe-goma ba a rufe shi, sai ya ga haske yake fitowa. Mama ba tonewa take yi ba, ƙasa take rage musu. Tana ragewa kina mayarwa."

Na ce me ya hana ta faɗa mini. Ta ce sau nawa ta buɗe baki?

Sai ita ma ta fara nata. Wai ni na samu Mama shekara da shekaru, ita waya ta samu, gaisuwa da yaya yara. Wai sunanta ake kira, amma in ba ni ba Mama ba ta yarda a cire mata riga, ba ta cin abin kirki, kuma da ta ji ƙarar ƙofa da yamma take fara gyara zama. Wai kullum tana kwance a katifar nan tana jin kamar 'yar aiki ce da aka ɗauko kafin mai gidan ta dawo. Tana faɗa tana kuka, hanci yana zuba, kamar lokacin da take ƙarama.

Ban rarrashe ta ba. Ban iya ba. Na ce irin dai ya riga ya ruɓe, ruwan da na kwarara masa ko dutse ne ya jiƙa. Ta ce ƙila.

Ashe ita ma tana kishina. Ban san me ya sa wannan ya ɗan yi mini daɗi ba, Allah ya yafe mini.

Alhamis, da safe

Na kira Injiniya na ce ya turo mota ranar Lahadi. Na kashe wayar kafin ya fara yi mini godiya.

Juma'a, da yamma

Na zauna a bakin gado na faɗa wa Mama da kaina. Na ce za ta je a koya mata magana, in an yi hutun makaranta zan zo. Ta dube ni, ta dubi taga. Ta buga sanda. Na ce na sani, akwai iri a ƙasa, amma wannan ba zai fito ba, ni na ɓata shi. Ta ƙara buga sandar.

Na kai ta. Yau ni na riƙe ta, ba Auta ba. Ashe haka take da nauyi a ɓangaren dama, ashe haka take haki kafin ta kai. Ta zauna a kujerar, ta buɗe yatsu ta ja su a kan ƙasar a hankali, daga bango zuwa bakin fangali, ba ta shiga da zurfi. Ta nuna buta. Na ɗauko zan tsiyaya, ta buge mini hannu. Ta tsoma yatsunta a ruwan ta yarfa. Ta kama nawa ta tsoma, ta jira. Na yarfa. Ta gyaɗa kai.

Ina da furfura a kaina yau aka ce mini zo ki gani.

Asabar

Guga, ninki, magunguna a jaka daban. Na nuna wa Auta yadda ake juya Mama ba tare da an ja kafaɗar ba. Na sa ta yi a gabana har sai da ta iya. Ruwan wanka kada ya yi zafi, ɓangaren dama ba ya ji. Ta ce to, Yaya. Komai na faɗa, to, Yaya.

Lahadi, da rana

Sun tafi. Tiren yana cinyar Auta da rumfarsa. Gwangwanin biskit ɗin na sa shi a jakar Mama, ta fito da shi, na mayar, ta sake fitowa da shi ta tura mini a ciki har sai da na riƙe. Ban san ko ajiya ta ba ni ko gado ba, kuma ba na so in sani.

Da motar ta tashi ta ce Auta. Mu biyu muka waiga.

Litinin

Gidan ya yi girma. Na dafa abincin mutum uku.

Talata, da asuba

Na yarfa ruwa da yatsu. Ba don ina sa rai ba. Hannuna ne ya saba tashi da wani aiki.

Alhamis, da yamma

Auta ta turo hoto. Ɗaya daga cikin kofunan ya yi ƙullin fure, an ajiye shi a tagar sabon ɗakin Mama, labule mai kyau a bayansa. Na rubuta masha Allah. Na kifa wayar. Har yanzu abin yana nan a ƙirjina, ƙarya nake in na ce ya tafi.

Na kai wa maƙwabciya ragowar abinci, na ba ta haƙuri a kan kajinta.

Asabar, da hantsi

Na fito da buta kamar kullum, na sunkuya. Da farko na zaci jan yashi ne. Na durƙusa, na kai fuskata har ƙasa. Na murza ɗaya na shinshina, don ba za a yi mini dariya sau biyu ba.

Sun fito. 'Yan ɗigo-ɗigo jajaye, da yawa. Ba a kan layin igiyata suka fito ba, ba kuma a tazarar rula ba. Layi huɗu ne siraran, a karkace, kusa da juna, daga bango zuwa bakin fangali, sannan wasu huɗun a gefensu, sannan wasu. Na buɗe yatsuna na ɗora a kai. Nata sun fi nawa ƙanƙanta.

Na zauna a kujerar tsugunon na yi kukan da ban yi ba tun ranar nan.

Da na samu kaina na wanke fuska na kira Auta ta bidiyo, na ce ta kai wa Mama wayar. Na juya kyamarar ƙasa, na ce ban sani ba ko ana gani.  Sai na ji bugun sanda a kan tayil, ana yi ana ƙarawa. Na juyo da wayar. Fuskarta ta cika gilashin, ta matso har ba na ganin komai sai ido da rabin bakin nan da ya ɗaga. Auta tana can baya, ba ita ake kallo ba.

Ta ce, "Auta. Auta."

Na ce, "Na'am, Mama."